Kaskon ruwa a bayan rumbu

3 ga Nuwamba

An gama ɗaure gero, dami ya shiga rumbu, dawa ma saura kaɗan. Da ma na yi wa Yaya alkawarin ba zan fara ba sai an kwashe amfanin gona. Aikin ba shi da wuyar faɗa: wuri guda a bayan gida da za a riƙa zuba tsaki da ruwa kullum, ni kuma in zauna da littafi in rubuta duk tsuntsun da ya sauka, daga yanzu har shamuwa ta dawo. Abin da na rubuta zai shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta tun 2015. Sun yanka ƙasar nan gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Ƙauyenmu, a nan kan hanyar Haɗeja zuwa Kiri Kasamma, ya faɗa gidan da masu kallon tsuntsaye suke ratsawa a mota ba sa ko rage gudu. Kowa dausayin Baturiya yake hari.

Na zaɓi lungun da ke tsakanin rumbun Inna da dangar baya, ƙarƙashin magarya. Na kafa gwafa uku na ɗora tsohon faifai. Kaskon da bakinsa ya ɓalgace na binne rabinsa a ƙasa, na jera guntayen bulo a ciki don ƙanana su sami wurin taka ƙafa, tunda dutse a ƙasarmu sai an sayo. Inna ta ba ni tsakin gero rabin kwano, ta ce bashi ne.

9 ga Nuwamba

'Yar tsuntsuwar nan baiwar Allah ce ta fara zuwa, ita da ko ɗaki shiga take yi ba sallama. Sai gwara, sai kurciya, sai asisi biyu-biyu, bardo kuma can da hantsi. Faifan hatsin bai dame su ba. Yanzu kaka ce, ƙwaya a zube take a masussuka da gona da bakin hanya. Ruwan suke bi. Kududdufin bayan gari ya fara komawa taɓo, kuma mai cin busasshiyar ƙwaya ba ya jure ƙishi. Da yawansu ma ba sa hawa faifan, abin da gwara ta watso ƙasa shi suke tsinta.

17 ga Nuwamba

Magana ta kai ƙofar Bulama. Maƙwabcinmu mai shinkafa a fadama ya kai kuka wai ina kiwon jan-baki. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa wuni a kan rumfar gona yana jan igiyar gwangwani daga asuba zuwa magariba har muryarsa ta dishe, kuma duk da haka ya girbe ƙaiƙayi, in ya ga wani yana zuba wa tsuntsu hatsi da hannunsa dole ransa ya sosu. Mu nan mun san inda jan-baki yake kwana. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogi ya daina zuwa da ambaliya ya janye ya bar ƙasa ta bushe. Ya koma tafiya kaɗan-kaɗan duk shekara, kachala ta sami abin da take so ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun kuma ya sami masauki wanda ba mai iya shiga ya tashe shi. Shi ya sa wasu shekarun sai an turo jirgi ya yi feshi.

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, garken da ke zuwa dubbai-dubbai ba rabin kwanon tsaki zai kira shi ba. Inda ciyawa ta zubar da iri da inda shinkafa ta nuna, can yake bi. Littafina ga shi, a duba, ko ɗaya bai sauka ba tukuna."

Bulama ya juya littafin, ya tambayi dattawan da ke wurin ko sun san asisi ta taɓa cinye wa wani gona. Aka yi dariya. Ya yanke cewa in ci gaba, amma ranar da shinkafar rani ta fara fitar da kai in sauke faifai in bar ruwa kawai, kuma in garken jan-baki ya sauka ko sau ɗaya kafin nan, haka zan yi. Hukuncin ya yi mini daidai, kuma da ni ne a kan buzun da abin da zan yanke ke nan.

24 ga Nuwamba

Gara ta cinye gindin gwafa ɗaya, na sauya da icen darbejiya na shafa masa baƙin mai. Na kewaye lungun da ƙayar magarya saboda kaji da awaki. Raba kaji da wannan ruwa ba wasa ba ne: murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006, kuma masu kiwon kaji na Kano ba su manta da ita ba. Kullum da safe ana zubar da ruwan jiya, a goge kaskon da toka, a ɗauraye. Iri 19 ke cikin littafi yau, har da shaya da kabare da cilakowa mai zuwa cin 'ya'yan magarya.

5 ga Disamba

Na dawo daga makaranta Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, kana da baƙo." Na juya wajen zaure, ta ce ba can ba, bayan rumbu.

"Ba ya hawa faifanka. A ƙasa yake ci, a gefe, sai gwara sun watse. Bakinsa jaja-jaja, idonsa da zobe. Tunda nake a garin nan ban taɓa ganinsa ba."

Ta ce tun shekaranjiya yake zuwa, lokacin da take gama surfe, in ta watsa ruwan tsari a gindin danga.

6 ga Disamba

Na gan shi. Girmansa na gwara ne amma ya fi ta tsawo da sirantaka. Kai da ƙirji toka-toka mai sirkin kore, maƙogwaro rawaya, ga wani layin rawaya da ya taso daga gefen baki ya gangara wuya. Bakin ruwan hoda ne, ido kuma zagaye da zobe mai haske, daidai yadda Inna ta faɗa. Ciki ruwan goro mai duhu, baya ƙasa-ƙasa da zane-zanen baƙi. Ya diro daga magarya ya tsaya cik a bakin ƙaya, ya daɗe bai motsa ba, sannan ya yi tsalle biyu ya ɗauki ƙwaya. Ba haɗiyewa yake yi kai tsaye ba, sai ya murza ta a baki har dusar ta faɗo. Da kurciya ta sauko da fukafukanta ya tashi, na ga fari a gefe biyu na wutsiya.

Na manna wayata a idon madubin hangen nesa na ɗauki abin da ya samu, na tura wa wani malamin jami'a a Dutse da muke aikin taswirar tare.

8 ga Disamba

Malam ya kira, abin da ya fara tambaya shi ne launin maƙogwaro. Akwai wani ɗan'uwan wannan tsuntsu mai kama da shi sosai, wanda ke yin hunturu a Sudan da Eritiriya, amma shi maƙogwaronsa ruwan tsatsa ne, kansa toka mai shuɗi. Namu rawaya ne ba tantama. Malam ya ce to ortolan ne, Emberiza hortulana, kuma namiji.

A Turai da yammacin Asiya yake ƙyanƙyasa, a gonakin hatsi masu bishiyoyi jefi-jefi, kuma a ƙasa yake yin sheƙa. In sanyi ya gabato sai ya tara kitse ya taso, yawanci da dare yake tafiya, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara. Wasu suna nufar tsaunukan Habasha, wasu su sauka nan Afirka ta Yamma, kuma sun fi son tudu mai duwatsu. Nauyinsa bai wuce giram 20 da 'yan kai ba. Ƙasarmu kuwa shimfiɗe take, rairayi da fadama, shi ya sa Malam ya nemi in ƙara hoto ta kowane gefe kafin ya saka a zauren WhatsApp na masu kallon tsuntsaye.

11 ga Disamba

Waya ba ta huta ba tun jiya. Daga Kano, daga Dutse, har daga Jos, kowa tambayarsa ɗaya: yana nan, kuma ta ina ake shigowa? Yaya ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in san yadda zan yi da baƙina.

Ga inda gizo ke saƙar. Baƙo namiji a gidanmu iyakarsa zaure. Lungun rumbu kuwa sai ka ratsa tsakar gida, ka wuce madafa, ka wuce ƙofar matar Yaya da ta iyalina. Wani daga cikin masu kiran ya ce ai minti goma ne kawai, ba wanda zai lura. Bai san gidan ƙauye ba, ko kuwa ya sani ya mance. Wani ya ba da shawarar in mayar da kaskon ƙofar gida. Wannan ma ba ta yi ba. Tsuntsun ba kasko ya zaɓa ba, lungun ya zaɓa: ga ƙaya da zai faɗa in shaho ya kawo sura, ga inuwa, ga danshin ruwan tsari, kuma ba mai giftawa sai tsohuwa ɗaya da ya saba da motsinta. A ƙofar gida babura ne da yara.

Yaya ne ya warware ta, bayan ya gama faɗansa. Ya zagaya ta garka ya auna dangar da taku. Muka kafa rumfar zana a waje, jingine da dangar, muka yanke karare uku-huɗu daidai idon mutumin da ke zaune a tabarma, kafar tana kallon ƙasa wajen kaskon. Ta ciki kuma muka tsayar da wata zanar daga jikin rumbu zuwa magarya, ta yadda mai leƙe ba abin da zai gani sai lungun. Mun yi aikin da azahar, lokacin da tsuntsaye suke can cikin inuwa. Da la'asar baƙon ya sauko ya ci abincinsa, bai ko kalli sabuwar zanar ba.

14 ga Disamba

Mota biyu suka zo, sun kwana a Haɗeja suka yi sammako. Na kai su gaisuwa wurin Bulama tukuna, sannan muka zagaya ta garka. Rumfar mutum uku take ɗauka, sauran suka zauna a gindin gawo suna jiran layi cikin rigunan sanyi. Akwai ɗalibai mata biyu a cikinsu. Su Inna ta aika a shigo da su ta zaure, ta shimfiɗa musu tabarma a bakin rumbu. Duk tsadar kyamarorin da ke cikin rumfa, 'yan matan nan sun fi kowa ganinsa kusa.

Tun ƙarfe bakwai mutanen suke zaune, ba tari ba motsi. Wajen takwas wani ya fara duba agogo. Sai muryar Inna ta bayan zana: "Ku gaya wa malaman su sha kununsu, ba zai zo ba sai na gama surfe." Haka kuwa aka yi. Taɓarya ta yi shiru, ta watsa ruwan tsari, gwara suka yi rububinsu suka watse, sai ga shi a bakin ƙaya. Wani dattijo da ya ce ya fi shekara talatin yana wannan harka ya sauke madubinsa, ya ɗaga hannu biyu sama bai ce uffan ba, ya ja da baya da gwiwa ya ba na bayansa wuri.

Bayan an tashi Inna ta tambaya ta cikin danga, me wannan ɗan tsuntsu ya taka da mutane za su ƙona mai tun daga Jos. Malam ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, a ƙasarsu ma ƙarewa yake yi." Ya ba ta labarin yadda yawansa a Turai ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun 1980, saboda noman zamani ya share bishiyoyi da iyakokin gona, maganin feshi kuma ya kashe ƙwarin da yake ciyar da 'ya'yansa. Ga kuma tarko. A kudu maso yammacin Faransa an daɗe ana kama shi lokacin ƙaura, a kulle shi a duhu ana ɗura masa gero har ya yi kitse, a nutsar da shi a giya, a gasa, mai ci ya lulluɓe kansa da ƙyalle ya cinye shi har ƙashi. An haramta farautarsa a can a 1999, amma an daɗe bayan haka ana yi a ɓoye. Har an ba da labarin tsohon shugabansu Mitterrand ya ci shi a liyafar ƙarshen shekarar 1995, kwanaki kaɗan kafin ya mutu.

Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "A giya? Ba yanka?" Malam ya ce ba yanka. Ta ce, "Mushe ke nan. To ya zauna nan, geronmu ba na ɗure ba ne."

21 ga Disamba

Mako mai ɓacin rai. Wani ya zo shi kaɗai a babur, bai nemi kowa ba, bai gaida kowa ba. Ya tarar ba kowa a rumfa, ya kunna kukan tsuntsun a wayarsa da ƙarfi don ya jawo shi, da bai fito ba sai ya taka sirdin babur ya ɗora kyamara ta saman danga. Matar Yaya ce ta gan shi. Yaya ya raka shi har bakin titi, kuma abin da ya gaya masa ba na rubutawa ba ne. Wanda ya tsallake darajar gidan mutane don hoto, a wurina ba mai son tsuntsu ba ne, mai son a ce ya gani ne. Kunna kuka ma zalunci ne ga tsuntsun da ya zo tara ƙarfin komawa: yana barin ci ya tashi neman abokin faɗan da babu shi.

Ta ɗaya gefen kuma, zance ya zaga gari wai Turawa za su sayi tsuntsun da dala. Na tsinci tarko biyu na gashin wutsiyar doki a gindin danga ta waje. Na san masu su, yaran da nake koyarwa ne. Ban kai su gaban iyayensu ba. Na zaunar da su a rumfa na ba su madubi ɗaya bayan ɗaya, na nuna musu Faransa da Sahara a taswirar makaranta, na ce daga yau su ne masu gadi, kuma kowane baƙo sai ya sa hannu a littafin da ke hannunsu. Danƙon da ke aljihun babbansu yana wurina har a dawo daga hutu.

Bulama ya sa an yi shela bayan sallar Juma'a: mai son ganin tsuntsu ya fara zuwa ƙofarsa, ba a zuwa sai da ɗan gida, ba kunna waya, ba leƙe ta saman danga. Kuɗin shiga babu. Wanda ya ga dama ya kawo gero.

30 ga Disamba

Hazo ya sauko sosai, ko gawon garka da ƙyar ake hange. Baƙon bai zo ba tun ranar 27. Mutum huɗu daga Kano sun wuni sun koma da hoton asisi.

2 ga Janairu

Ya dawo. Yaran ne suka gano inda ya shiga: masussukar dawa ta arewacin gari, inda aka yi sabuwar shiƙa, yana kiwo tare da gwara. Da ƙwayar can ta ƙare ya komo ga kaskonsa. Yanzu gonaki sun zama fili, shanun Fulani sun kwashe kara, faifan ma da aka raina da farko kafin hantsi ya zama wayam. Tsakin da ake zubawa ya ninka. Geron da baƙi suka kawo ya biya bashin Inna har da ragowa.

16 ga Janairu

Watan ƙidayar tsuntsayen ruwa ne, wadda ake yi a ƙasashe da yawa duk tsakiyar Janairu, don haka masu zuwa dausayin Haɗeja da Nguru sun yawaita a hanya. Baturiya tana cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya tun 2008, kuma a nan ake ƙirga agwagin Turai da kirinjijiya da ɗinya. Bana wasunsu suna ratsowa ta wurinmu a kan hanyar komawa.

Malam ya zo da takardar da za a cike don masu tantance rahoton tsuntsun da ba a saba gani ba. Hoto muna da shi, bayanin kama muna da shi. Da aka zo kan ranakun da aka gan shi, littafina ya nuna giɓi, domin safiyar ranakun aiki ina makaranta. Inna tana jin mu ta bayan zana, ta ce wa ɗaya daga cikin ɗaliban nan mata ta zo ta duba jikin rumbu. Ashe tun ranar farko take ja da gawayi a gefen da ba ya kallon rana: tsaye ɗaya in ya zo da safe, a gicciye ta in ya ƙara zuwa da la'asar, zagaye in bai zo ba. Layi-layi, kowane layi daga Juma'a zuwa Juma'a. Kwanakin hazo suna nan, zagaye a jere. Ta ce da haka take lissafin adashi da kwanan kaza a kan ƙwai, ba wani abu ba ne.

Ɗalibar ta ɗauki hoton bangon, Malam ya kwafe shi a takarda rana-rana. Ya ce a duk abin da za mu tura wannan ne ya fi nauyi, domin gani ɗaya yana iya zama tsuntsun da ya ratse hanya, amma wannan yana nuna ya zauna ya yi hunturu a nan. Ya nemi izinin sa sunanta a matsayin wadda ta fara gani. Ta ce sunanta ba zai je Jos ba ita tana nan, a rubuta gidan. Mun rubuta gidan, muka ƙara da cewa uwar gidan ce ta gano shi kuma ita ta riƙe lissafi.

25 ga Janairu

Iri 31 a littafi. Sababbi na makon nan alhudahuda da ragon maza, sai jan-baki guda uku da suka sha ruwa suka wuce. Na je na gaya wa Bulama da maƙwabcinmu da kaina. Uku ba garke ba ne, in ji Bulama, amma in sa ido. Maƙwabcin ya ce an fara dashe a fadama, in lissafa wata biyu da 'yan kwanaki kafin shinkafa ta fitar da kai. Malam yana sa ran baƙon zai tashi wajen Maris ko Afrilu, don haka sauke faifai da tafiyarsa za su zo kusa da juna. In faifan ya riga sauka, ruwan tsarin Inna yana nan, kuma da ma a ƙasa yake ci.

Hedimasta ya yarda a kafa kasko na biyu a bayan ajin 'yan shida, masu gadin nan su riƙe littafinsa. Gwafa ba za ta yi a can ba saboda gara, sai an gina ɗan dakali da bulo. Maginin tukwane ya ce kasko mai faɗin baki sai kasuwa mai zuwa, kuma har yanzu ba mu daidaita da yaran ba a kan wanda zai riƙa kawo ruwa ranakun da babu makaranta.